Firinta ɗaya, kwamfuta da yawa: tambayoyi da amsoshi ga ƙananan ofisoshin Katsina

Waɗannan tambayoyi ne da suka fi yawan tasowa a wuraren da kwamfuta uku zuwa goma sha biyar ke amfani da firinta guda: ofishin lauya, makarantar kuɗi, ƙaramin asibiti, da shagunan buga takardu irin na kusa da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman Katsina. Sunayen maɓallan Windows mun bar su yadda suke fitowa a allo, don kada ku sha wahalar nemansu.

Firinta ta ƙi bugawa. Ta ina za mu fara dubawa?

Ta wurin firintar kanta, kafin a taɓa kowace kwamfuta. Ku sa ta buga shafin bayaninta daga maɓallan jikinta. Idan shafin ya fito tas, injin lafiya yake, tona da takarda ba su da laifi. Daga nan sai a duba hanya: kebul, rauta, ko waifai. Kwamfuta ce ta ƙarshe.

Akwai tambaya guda da ke rage rabin aikin: kowa ne ya kasa bugawa, ko mutum ɗaya? In kowa ne, matsalar tana firinta, ko rauta, ko kwamfutar da aka jona firintar a jikinta. In mutum ɗaya ne, kada ku wahalar da firinta, ku zauna gaban kwamfutarsa. Da yawa sukan fara da goge direban firinta, wato manhajar da kwamfuta ke magana da firinta ta cikinta, su sake sakawa, alhali kebul ne ɓera ya ci a bayan kabad.

Mene ne bambancin firintar da aka raba daga kwamfuta da wadda take kan netwok da kanta?

Ta farko an jona ta da kebul ɗin USB a kwamfuta ɗaya, yawanci ta sakatare, sai Windows ta ba sauran damar aiko da aiki ta cikin wannan kwamfutar. Haka ake yi da irin HP LaserJet P1102 da Canon LBP2900 da Epson L3110, domin ba su da ramin kebul ɗin netwok, ba su da waifai. Duk abin da ya sami kwamfutar sakatare ya sami ofis gaba ɗaya: ta yi barci, an kashe ta, an tafi da ita taro, ko Windows tana sabunta kanta. Kuma Windows 10 da 11 ba sa karɓar fiye da kwamfuta 20 a lokaci guda.

Ta biyu tana da nata adireshin IP, an jona ta kai tsaye da rauta, kowace kwamfuta tana magana da ita ba ɗan tsakani. Ita ce mai sauƙin gyara, kuma ita muke ba da shawara duk inda masu bugawa suka wuce uku.

Jiya tana aiki. An ɗauke wuta, aka tada janareta, yau kowa na ganin "Offline". Me ya faru?

Wannan ita ce uwar matsaloli a ofisoshinmu, kuma dalilinta ɗaya ne kusan kullum: adireshin firinta ya canza. Rauta ce ke raba adireshi ga duk na'urar da ta shigo, ta tsarin da ake kira DHCP. Da wuta ta ɗauke ta dawo, wayoyin ma'aikata da kwamfutocin tafi-da-gidanka sukan riga firinta shiga, sai wata waya ta karɓi 192.168.1.5 da firinta ke riƙe da shi jiya, ita kuma a ba ta 192.168.1.9. Kwamfutoci suna nan suna aika aiki tsohon adireshi. A garin da ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareta da sola sau da yawa a yini, wannan zai riƙa maimaituwa har sai an ɗaure adireshin.

Ga yadda ake yi. Ku buga shafin bayanin netwok daga firinta, ku ga adireshinta na yanzu da lambar MAC ɗinta, wato lambar shaidar da aka ƙera ta da ita. Ku shiga shafin rauta ta burauza. Adireshin yakan zama 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ƙananan na'urorin Huawei kuma 192.168.8.1, kuma yana rubuce a ƙarƙashin na'urar. Ku nemi wurin da aka rubuta DHCP Reservation ko Address Reservation, ku haɗa lambar MAC ɗin da adireshi guda. In rautar ba ta da wannan, ku rubuta adireshin firinta a burauza, shafinta zai buɗe, ku ba ta adireshi da hannu. Sai dai a kula: ku zaɓi lambar da take wajen waɗanda rauta ke rabawa. Idan tana raba 100 zuwa 200, ku ba firinta 50 ko 240. In ba haka ba, wata rana za ta ba wata waya wannan lambar, na'urori biyu su yi karo, bugu ya riƙa yi yana yankewa. Subnet mask ya zama 255.255.255.0, gateway kuma adireshin rauta.

Bayan haka, a kowace kwamfuta ku buɗe Printer properties, ku shiga Ports, Add Port, Standard TCP/IP Port, ku rubuta sabon adireshin. Ku rubuta shi kuma a ɗan tef ku manna a jikin firinta, don wanda zai zo gyara bayanku.

Idan shafin ya nuna adireshi mai farawa da 169.254, firinta ba ta samu komai daga rauta ba ke nan. Kebul ya mutu, ko ramin suwic, ko an kunna firinta kafin rauta ta gama tashi. Ku kashe ta, ku jira rauta kamar minti biyu, ku sake kunnawa.

Mun gwada ping tana amsawa, amma Windows ta nace "Offline".

Tunda tana amsa ping, wato umarnin da ake rubutawa a Command Prompt tare da adireshin firinta don a ga ko za ta amsa, hanya a buɗe take. Ku fara buɗe layin bugu ku tabbata ba a sa alama a Use Printer Offline ba. Sannan ku koma Ports ku ga irin wanda aka zaɓa. In sunansa ya fara da WSD, Windows ce ta saka shi da kanta, kuma ya shahara wajen ɓatar da firinta bayan ta yi barci. Ku maye gurbinsa da Standard TCP/IP Port. In dama shi ne, ku danna Configure Port ku cire alamar SNMP Status Enabled. Ta wannan hanyar Windows ke tambayar firinta lafiyarta, in amsa ba ta zo ba sai ta ɗauka ta mutu, alhali tana karɓar aiki lafiya lau ta tashar 9100.

Datar ofis ta ƙare. Shi ya sa ba ma iya bugawa?

A'a. Aikin bugu ba ya fita intanet, daga kwamfuta zuwa rauta zuwa firinta ne kawai. Abin da ke faruwa shi ne, da data ta ƙare sai kowa ya jona kwamfutarsa da hotspot ɗin wayarsa, ya fita daga netwok ɗin ofis bai lura ba. Ku buɗe Command Prompt ku rubuta ipconfig. Lambobi ukun farko na adireshin kwamfuta dole su yi daidai da na firinta. Keɓantattu su ne firintocin HP masu tsarin HP+, waɗanda lambarsu kan ƙare da harafin e. Su an ƙera su ne su kasance a kan intanet.

Firintar waifai ba ta ganin waifan ofis ko kaɗan.

Yawancin ƙananan firintoci 2.4 GHz kawai suke kamawa. In rauta tana watsa 5 GHz kaɗai, ko ta haɗe biyun a suna guda, ku raba su ku jona firinta da 2.4. Ku duba kuma kada ta kasance a kan waifan baƙi, ko an kunna AP Isolation, domin aikin waɗannan shi ne hana na'urori ganin juna. Katangar bulo biyu da kabad ɗin ƙarfe sun isa su raunana sigina. In akwai ramin kebul a bayan firinta, ku ja mata Cat5e ko Cat6 ku huta. Yana kai mita 100 ba matsala, shi kuwa na USB kada ya wuce mita 5.

Mun ƙara rauta ta biyu a ɗakin oga, yanzu shi kaɗai ba ya iya bugawa.

An soka kebul ɗin a ramin WAN na sabuwar rautar, ta kafa nata netwok daban. Ku kashe DHCP ɗinta, ku ba ta adireshi a jerin ta farko, ku mayar da kebul ɗin ramin LAN.

Aiki ɗaya ya maƙale a layi, ya ƙi buguwa, ya ƙi goguwa.

Kamar tirela ce ta mutu a Ƙofar Ƙaura, duk wanda ke baya sai ya jira. Sau da yawa wuta ce ta yanke ana tsakiyar aika aikin, fayil ɗin ya lalace. Ku kashe firinta. Ku buɗe Command Prompt da ikon Administrator ku rubuta net stop spooler. Ku shiga C:\Windows\System32\spool\PRINTERS ku goge duk abin da ke ciki, amma ku bar jakar kanta. Ku rubuta net start spooler, sannan ku kunna firinta. In firintar ta rabawa ce, a kwamfutar da ke riƙe da ita za a fara yin wannan, sannan ta wanda ya aiko.

Ku ja kunnen ma'aikata a kan danna Print sau goma in na farko bai fito ba. Ranar da aka gyara, duk goman za su fito, kuma rim ɗin takarda shafi 500 ne kacal.

Idan Print Spooler, wato sashen Windows da ke riƙe da layin bugu, yana mutuwa da kansa da zarar an tada shi, direba ne ya lalace. Ku rubuta printui /s /t2, ku cire direban gaba ɗaya, ku sauko da sabo daga shafin kamfanin da ya ƙera firintar, ba daga faifan da ya shekara goma a aljihun tebur ba.

Mun raba firinta daga kwamfutar sakatare, amma sauran ba sa ganinta, ko ana tambayarsu kalmar sirri.

A kwamfutar sakatare ku duba abu huɗu. Netwok ya kasance Private, domin in Public ne Windows tana rufe ƙofa. A kunna Network discovery da File and printer sharing. Sunan rabawar ya zama gajere marar tazara, kamar HP1102. A kuma hana kwamfutar barci muddin tana jone da wuta.

Daga ɗaya kwamfutar ku danna maɓallin Windows tare da R, ku rubuta \\ da sunan kwamfutar sakatare. In suna ya ƙi, ku gwada da adireshin IP ɗinta. In wannan ya yi, ita ma tana bukatar a ɗaure mata adireshi.

Batun kalmar sirri kuwa, a da mutane kan kashe Password protected sharing su wuce. Sababbin Windows 11, musamman daga 24H2, suna ƙin shiga irin ta baƙo marar suna. Abin da ya fi ɗorewa shi ne ku buɗe wani asusu na musamman a kwamfutar sakatare, ku sa masa kalmar sirri, sannan a kowace kwamfuta ku shiga Credential Manager, Add a Windows credential, ku adana sunan da kalmar. Asusun da ba shi da kalmar sirri Windows ba ta yarda a shiga da shi ta netwok.

Me ake nufi da lambobin kuskure 0x0000011b da 0x00000709?

A tsakiyar 2021 aka gano wata ɓaraka a Print Spooler da aka sa wa suna PrintNightmare, wadda ke ba ɓarawon intanet damar mallake kwamfuta. Microsoft ta tsaurara tsaro, daga watan Agusta na shekarar sai mai ikon Administrator ne ke iya saka direba daga firintar rabawa, daga Satumba kuma 0x0000011b ya fara bayyana. Ya fi kama ofishin da kwamfutocinsa ba su tafiya tare: wannan Windows 7, waccan 10 da ba ta taɓa sabuntawa ba don tsoron cin data, ta oga kuma 11.

Ku fara da sabunta duka ɓangarorin biyu. In bai yi ba, ga hanyar da ta fi yawan yin aiki: ku saka direban a kwamfutar da hannu, ku zaɓi Add a local printer, Create a new port, Local Port, a wurin suna ku rubuta \\sunan-kwamfuta\HP1102. Za ku ji ana cewa a shiga rajistar Windows (Registry), inda take adana saitunanta, a sa RpcAuthnLevelPrivacyEnabled ya zama 0. Yana aiki, amma cire kariyar da aka saka ne, kuma a shagon da filashin kwastomomi ke shiga kwamfuta safe da yamma ba mu ba da wannan shawarar.

Shi kuma 0x00000709 ya yawaita ne daga Windows 11 22H2 ta 2022, da aka sauya hanyar da kwamfutoci ke magana kan bugu. A gpedit.msc ku bi Administrative Templates, Printers, Configure RPC connection settings, ku zaɓi RPC over named pipes. Windows Home ba ta da gpedit, don haka nan ma Local Port ɗin ne mafita.

A sani kuma, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025. Irin waɗannan lambobin kuskure ba raguwa za su yi ba a ofishin da ya cakuɗa tsoho da sabo.

Tana fitar da shafuka masu wasu alamomi marasa ma'ana, ba ta tsayawa.

Direban wata firinta aka sa mata, ko aikin ya yanke a hanya. Ku cire takarda, ku kashe ta, ku share layi kamar yadda aka faɗa a sama, ku saka direban da ya dace da lambarta daidai. Canon LBP2900 da HP 1020 da P1102 kwamfuta ce ke yi musu yawancin lissafi, ba sa jin direban gama-gari na PCL, kuma shi ya sa sau da yawa ba sa aiki da ƙananan akwatunan da ke mayar da USB zuwa netwok.

Daga kwamfuta ɗaya kawai, sai firinta ta tsaya tana neman "Load Letter".

Letter takardar Amurka ce, milimita 216 da 279. Tamu A4 ce, 210 da 297. Ku sauya a Printing preferences, da Printing Defaults a kwamfutar da ke rabawa, da kuma cikin Word ɗin wanda ya rubuta takardar.

Za mu iya jona firintar leza a UPS ko inbata?

A ƙaramin UPS na kwamfuta, a'a. Cikin firintar leza akwai hita mai narka tona a jikin takarda da zafin da ya kusa digiri 200. Ƙaramar leza tana jan wat 300 zuwa 500 yayin bugu, lokacin da hitar ke tashi kuma ta fi haka. UPS mai 650VA bai kai wat 400 ba. Zai yi ƙara ya mutu, ya tafi da kwamfutar da ke kansa. Abin da ya kamata ya hau UPS shi ne rauta da suwic da kwamfutar da ke rabawa, kuma wannan kaɗai yana rage matsalar sauyin adireshi sosai. Firintar tawada irin Epson L3150 ba ta kai wat 20 ba, inbata ba ta ma san tana kai ba.

A ƙaramin janareta, in wuta ta yi ƙasa hitar ba ta kai zafinta: tona ya riƙa goguwa da yatsa, ko manyan HP su nuna kuskure mai lamba 50. Ku kashe firinta kafin a juya wuta daga layi zuwa janareta. Masu sayen na hannu kuma su karanta takardar da ke bayanta. Wadda aka yi wa kasuwar Amurka 110V ce, wutarmu 230V. Jonawa ɗaya ta isa ta ƙone allon wutarta.

Me ya sa takarda ke yawan maƙalewa da hunturu, da damina kuma ta fito a nannaɗe?

Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan robar da ke jan takarda har ta yi santsi, sai ta riƙa zamewa. Bushewar iska kuma tana sa shafuka su manne da juna, a ja biyu ko uku lokaci guda. Ku zare robar, ku goge ta da tsumma marar gashi da aka ɗan jiƙa da ruwa, ku bari ta bushe. In ta sule, a sauya ta. Ba ta da tsada. Ku kaɗa takarda kafin sakawa, ku rufe firinta da ƙyalle in an tashi, bayan ta huce. Da damina takarda ce ke shan danshi, hita ta busar da ita ta lanƙwashe. Ku bar rim a cikin ledarsa, kada a ajiye shi a kan siminti. Mai nauyin giram 80 ta fi ta 70 haƙuri. In ta maƙale, ku ja ta a hankali ta inda take tafiya. Kada a sa almakashi ko wuƙa kusa da hita, fatar da ke kanta siririya ce.

Masu firintar tawada, zafin Afrilu da Mayu na Katsina yana busar da kan bugu. Shafi ɗaya mai launi sau biyu a mako ya fi amfani a kan yawan yin Head Cleaning, wanda ke shan tawada yana cika soson da ke tara ragowarta.

Oga yana so ya buga daga wayarsa.

In firintar tana kan netwok da kanta kuma wayar tana kan waifai ɗaya da ita, iPhone za ta gan ta ta AirPrint, Android kuma ta Mopria ko manhajar kamfanin, muddin firintar tana goyon bayansu. Wadda aka raba daga Windows ta USB waya ba ta ganinta. Google Cloud Print da wasu ke tambaya an rufe shi a ƙarshen 2020.

Babbar fotokwafi tana bugawa, amma ta daina aika sikanin zuwa jakar kwamfuta.

Tsofaffin injuna suna amfani da SMB1, tsohon tsarin aika fayil ta netwok, wanda Windows ta daina sakawa da kanta tun ƙarshen 2017, shekarar da cutar WannaCry ta bi ta cikinsa ta yi ɓarna a duniya. Ku nemi sabon firmware, wato manhajar da ke cikin injin, ko ku koma aika sikanin ta imel ko filashi. Ku duba kuma ko an canza kalmar sirrin kwamfutar, ko adireshinta ya sauya, don injin yana riƙe da tsofaffin ne.

Za mu sayi sabuwa. Me za mu duba don kada mu koma gidan jiya?

Ramin kebul ɗin netwok a bayanta. A lambobin HP harafin n yana nufin netwok, w waifai, d kuma buga gaba da baya, don haka M404dn tana da kebul, P1102w waifai kawai. Ku tambayi ko tonarta tana samuwa a Katsina ko sai an aika Kano, da shafi nawa take bugawa; 85A, alal misali, an ƙiyasta ta a shafi 1,600, kuma takardun da suka cika da tambari da hoto ba sa kai haka. In kuna cika katirij ko sayen wanda ba na kamfani ba, ku bincika ko samfurin yana ƙin irinsu bayan sabunta firmware. Ranar da aka kawo ta, kafin a saka direba ko ɗaya, a ɗaure mata adireshi, a canza kalmar sirrin shafinta, a kuma ajiye direbanta na 64-bit da na 32-bit a filashi guda da ba ya fita daga ofis.